Kilo Ashirin A Hanyar Macu Picu

A wannan wata doguwar tafiya za mu yi da ku, har ƙasar Peru ta Kudancin Amurka, ko da yake mu kanmu ƙafarmu ba ta taɓa wuce Yamai ta yamma ba, ko Kano ta kudu. A yi mana haƙuri a ji dalili.

A bangon ajinmu akwai wani hoto da ya girmi duk yaran da ke zaune ƙarƙashinsa. Daga wata tsohuwar kalanda muka yanko shi, shekarar da muka fito daga makarantar horon malamai, kuma duk lakwal ɗin da aka tura mu, a birni ko a ƙauye, da shi muke zuwa cikin akwati. Hoton wani kufai ne a bisa dutse: gidajen duwatsu ba rufi, gonaki hawa-hawa kamar matakala, wani tsauni mai tsini a bayansu, gajimare kuma yana yawo ƙasa da gidajen. Sunan wurin Macu Picu. Da shi muke nuna wa yara abin da ake nufi da tsauni, don yaron da aka haifa a Damagaram, in ka ce masa dutse, waɗannan duwatsun na Birni yake gani a ransa, waɗanda awaki ke hawa su sauko kafin mutum ya gama alwala. Shekara ashirin da 'yan kai muna nuna hoton nan da bakin sanda, ba mu taɓa lura ba cewa babu mutum ko ɗaya a cikinsa, sai wata dabba mai dogon wuya tana kiwo.

To, a hutun daminar da ya wuce wani tsohon ɗalibinmu ya zo gida ganin iyayensa. Yaro ne da muka koyar a aji shida a shekarunmu na farko, Allah ya buɗa masa karatu, yanzu yana aikin injiniya a Kanada. Ya zo gaishe mu da la'asar, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma kamar da, duk da mun nuna masa kujera. Bayan an gaisa sai ya ciro wayarsa yana murmushi, ya ce, "Mushe, kun tuna hoton nan na bango? Na je wurin. Da ƙafata na shiga." Ba za mu ɓoye muku ba, sai da idonmu ya kawo ruwa. Malamin makaranta ba shi da gona ba shi da kanti, irin wannan rana ita ce ribarsa. Tun daga la'asar har aka kira magariba yana nuna mana hotuna, da zai tafi kuma ya bar mana ɗan littafin talla na kamfanin da ya kai su.

Ga yadda tafiyar take. Mutum yakan sauka da jirgin sama a birnin Kusko, tsohuwar hedkwatar daular Inka, wanda ke zaune wajen mita 3,400 sama da teku. Don ku gane tsawon nan, ku tuna cewa ƙololuwar Bagzan a ƙasar Abzin, wadda ta fi kowane wuri tsawo a Nijar, mita 2,022 ce, Damagaram kuwa ba ta kai mita 500 ba. A irin wannan bisa iska ba ta da kauri, baƙo yakan sami ciwon kai da haki da rashin barci, saboda haka sai ya yi kwana biyu ko uku yana hutawa, yana shan shayin ganyen koka yadda mutanen wurin suke yi, kafin ya soma hawa. Daga nan a ɗauke shi a mota zuwa wani wuri a bakin kogin Urubamba da ake kira Kilomita 82, don lambar da ke jikin layin dogo ke nan a wurin. Nan ake sauka a kama ƙafa.

Tsawon hanyar wajen kilomita 43 ne. Wani zai ce wannan ai bai fi zuwa Mirya da dawowa da ɗan ƙari ba, me ya sa za a yi kwana huɗu? Dalili shi ne hanyar ba a kwance take ba. A rana ta biyu kawai ana hawan wajen mita 1,200 har a kai wata mashiga mai suna Warmi Wanyuska, watau mashigar matacciyar mace, don siffar dutsen kamar mace ce a kwance. Tsawonta mita 4,215, ya ninka Bagzan biyu har da ɗoriya, kuma iskar da mutum ke shaƙa a can wajen kashi 60 cikin 100 ce ta abin da yake samu a bakin teku. In an sauko kuma sai matakalai na dutse, dubbai, waɗanda mutanen Inka suka jera da hannu fiye da shekara 500 da suka wuce, ana ratsa ƙananan kufai ɗaya bayan ɗaya, har a kwana na ƙarshe kusa da wani mai suna Winyai Waina. Da asuba a tashi, a isa Inti Punku, Ƙofar Rana, daga nan sai ga Macu Picu shimfiɗe a ƙasa, mita 2,430, daidai yadda yake a bangon ajinmu.

Wannan hanya ɗan guntu ce daga cikin hanyoyin daular, waɗanda suka kai wajen kilomita 30,000, suka ratsa ƙasashe shida na yau: Peru, Ekwador, Kolombiya, Bolibiya, Cile da Ajantina. Hukumar Unesko ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2014, shi kuwa Macu Picu tun 1983 ya shiga. Mutanen Inka ba su da doki, ba su aiki da baƙin ƙarfe, ba su da amalanke. Dabbar kayansu ita ce lama, waccan mai dogon wuya ta cikin hoto, 'yar uwar raƙumi ce amma ba tozo, kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce kilo talatin. Saƙon sarki masu gudu ne ke kai shi, wannan ya miƙa wa wancan, suna hutawa a masaukai da ake kira tambo, kamar dai zangon fatake a hanyar Gwanja. Gonakin nan masu hawa-hawa kuwa, a irinsu aka fara noman abin da muke kira dankalin Turawa, wanda ashe ba na Turawa ba ne, na mutanen tsaunukan Andis ne. Gyaɗar da ta ciyar da Damagaram da Maraɗi shekara da shekaru ita ma daga wancan yanki na duniya asalinta yake.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Ɗalibin namu da matarsa ba irin tafiyar kowa da kowa suka yi ba, ta masu hali suka yi, don bikin cika shekara biyar da aurensu. Da ƙyar ya faɗa mana abin da ya biya, yana sosa ƙeya: dala dubu uku da wani abu kowane mutum ɗaya, ban da kuɗin jirgi. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Muka buga lissafi a ƙasa da yatsa, ya haura miliyan ɗaya da rabi na sefa, watau ya kusa abin da muke karɓa a shekara guda. Ba mu ce masa komai ba, guminsa ne, kuma mun san bai manta da iyayensa ba.

Me aka ba su da wannan kuɗi? Littafin tallan ya jera, shi ma ya tabbatar. Tanti wanda mutum ke miƙewa tsaye a ciki, da gado mai ƙafa, da katifa da matashi da bargo. Da dare a sa musu jakar ruwan zafi cikin shimfiɗa don sanyi. Da safe a tashe su da shayi a bakin tanti. Akwai tantin wanka da ruwan ɗumi, akwai tantin ban-ɗaki da masai irin na zama. Akwai tebur da kujeru da farantan tangaram, da kuku da mataimakinsa masu dafa abinci kala uku a kowane zama, har ranar ƙarshe suka yi musu kek a bisa dutse ba tare da tanda ba. Akwai mai tausa da ke murza musu ƙafafu in an sauka. Akwai kwalbar oksijin ko da wani numfashinsa zai gaza. Shi baƙo ba abin da yake ɗauka sai 'yar jaka mai gorar ruwa da rigar ruwa da abin ɗaukar hoto.

Muna cikin kallon hotuna sai muka zo kan wani da ya ɗauka ba da niyya ba. Matarsa yake so ya ɗauka tana jingine da dutse tana haki, amma a bayanta ga wasu mutane huɗu sun sunkuya suna wucewa da sauri, kowanne da ƙunshi a baya wanda ya fi kansa tsawo, ɗaya ma tukunyar gas ce ta leƙo daga cikin nasa. Biyu daga cikinsu takalman da aka yanka daga tsohuwar taya ne a ƙafarsu, irin waɗanda muka sani a kasuwannin ƙauye. Muka ce, "Ɗana, tsaya. Waɗannan fa su wane ne?" Ya ce, "Mushe, 'yan dakonmu ne." Muka ce su nawa ne? Ya ƙirga da yatsa, ya ce baƙi su takwas ne, ma'aikata kuwa, da jagora biyu da masu dafuwa da mai tausa da 'yan dako, talatin da ɗaya.

A nan ne abin ya tsaya mana a rai, kuma dole mu faɗa muku dalili. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan dako ne a tashar mota. Da buhunan gero da na gyaɗa da ya ɗauka a ka da gadon baya aka saya mana allo da littafi, har muka zama abin da muka zama. Mun san gammo, mun san yadda wuyan mutum ke ƙagewa in ya tsufa a wannan sana'a, mun sha ganin mahaifiyarmu tana gasa masa baya da ruwan zafi da man kaɗanya bayan isha'i. Bai taɓa jin kunyar aikinsa ba, yakan ce sana'ar 'yan alaro ce da suka ɗauko goro a ka tun daga Gwanja. Abu ɗaya ne yake ɓata masa rai, a ce masa buhu kilo hamsin ne alhali wuyansa ya gaya masa ya fi haka. Saboda haka mu in mun ga gado a bisa tsauni, kafin mu yi sha'awar laushinsa sai mun tambayi bayan wa ya hau.

Kuma a wannan hanya amsar a fili take, don an hana dawakai da alfadarai bin ta, saboda kofatonsu na lalata matakalan. Duk abin da ya hau, bayan mutum ya hau. Duk abin da ya sauko, har da shara da abin da ke cikin masai, bayan mutum ya sauko. Tun daga 2001 gwamnatin Peru ta hana kowa bin hanyar shi kaɗai, sai da kamfani mai lasisi, aka kuma ƙayyade mutum 500 ne kaɗai za su shiga a rana. Amma a lura, cikin 500 ɗin nan baƙi wajen 200 ne, sauran 300 ma'aikata ne. Watau ko a tafiyar da ba ta masu hali ba, masu ɗauka sun fi waɗanda ake ɗaukar wa yawa. A watan Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, ana rufe hanyar baki ɗaya don gyara.

Su wane ne waɗannan 'yan dako? Yawancinsu manoma ne daga ƙauyukan da ke saman garin Olantaitambo da kewayen Kusko, harshensu Kecuwa, harshen da aka mulki daular Inka da shi, wanda har yau miliyoyin mutane ke magana da shi. Watau jikokin waɗanda suka jera matakalan ne. Kafin a yi doka, an sha ba da labarin ana ɗora wa mutum ɗaya kilo arba'in ko fiye. A 2001 aka yi dokar 'yan dako ta farko, a 2022 aka yi sabuwa, wadda ta ce namiji kada ya ɗauki fiye da kilo 20, mace kilo 15, don a 'yan shekarun nan mata ma sun shiga aikin. A Kilomita 82 akwai sikeli da ake auna kowane ƙunshi kafin a wuce. Da muka karanta wannan sai muka ce, da mahaifinmu ya ga sikelin da gwamnati ta kafa don wuyan ɗan dako, da ya yi mamaki. Sai dai ku da mu mun san halin doka da sikeli. An sha kawo rahoton kamfanonin da ke rage kaya a gaban ma'auni su mayar in an sha kwana, da masu yanke lada in tanti ya yage. Ɗan dako kuwa ba ya iya ƙara, don gobe yana son a sake kiransa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne safiyar ƙarshe. Ɗalibin namu ya ce wajen ƙarfe uku da rabi na dare aka tashe su, alhali ƙofar da za su bi ba a buɗe ta sai biyar da rabi, suka zauna cikin duhu da sanyi suna jira, wasu daga cikin baƙin har da gunaguni. Da ya tambayi jagora dalili sai aka ce masa don 'yan dako su samu su naɗe tantuna su gangara da gudu ta wata hanya dabam zuwa layin dogo, su cim ma jirgin asuba wanda shi ne ke ɗaukar su. In ya wuce su, sun shiga uku. Saboda haka ba su bin baƙi zuwa Ƙofar Rana. Mutum ya yi kwana uku yana ɗauke da gadonka zuwa wani wuri, ana saura tafiyar sa'a biyu a isa, sai ya juya. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna wannan aiki ba su taɓa shiga Macu Picu ba, har wasu kamfanoni suka soma shirya musu ziyara ta musamman da iyalansu. Hangen Dala, in ji masu magana, ba shiga birni ba.

Da muka ƙara bincike sai muka ga abin ba yau ya fara ba. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa shi kansa Macu Picu gidan hutu ne na sarki Pacakuti, wanda aka gina wajen shekarar 1450, inda yake zuwa da fadawansa in sanyin Kusko ya yi tsanani. An sassaƙa duwatsun manyan gine-ginen an haɗa su ba tare da laka ba, har wuƙa ba ta shiga tsakaninsu, an ja ruwa daga marmaro ya bi ta maɓuɓɓuga 16 a jere, an yi magudanai a ƙarƙashin ƙasa don kada ruwan sama ya kwashe garin. Wa ya yi aikin? Talakawa ne, ta hanyar wani tsari mai suna mita, inda kowane gari ke ba da mutane su yi wa sarki aiki na ɗan lokaci a madadin haraji. Mazaunan wurin na kullum kuma barori ne da aka kawo daga sassa dabam-dabam na daular. Bai kai shekara ɗari ana zaune a cikinsa ba. A 1532 Pizaro da 'yan tsirarun Sifaniyawa suka kama sarki Atawalpa, suka kashe shi a 1533, daular ta wargaje, daji ya rufe gidan hutun.

A littattafai za ku ga an ce wani Ba'amurke, Hiram Bingham, malami a jami'ar Yale, shi ya gano wurin ranar 24 ga Yuli, 1911. Mu da aka koya wa cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796, alhali masunta na cikin kwalekwalensu suna kallonsa, mun san irin wannan ganowa. Wani manomi mai suna Melchor Arteaga ne ya hau da Bingham, a sama kuma suka tarar da iyalai suna noma a kan gonakin Inka, wani yaro ɗansu ne ma ya zaga da shi cikin kufan. A jikin wani bango ya ga sunan wani mutumin yankin, Agustín Lizárraga, wanda ya rubuta tun 1902. A ba Bingham haƙƙinsa, shi ya sanar da duniya, ya sa aka share wurin aka ɗauki hotuna. Amma kayan tarihin da ya kwasa zuwa Yale sai a 2011 da 2012 aka mayar wa Peru. Yau kuma jirgin ƙasa mafi tsada da ke kai masu hali gindin dutsen, mai ɗakin cin abinci da makaɗa a ciki, sunan Hiram Bingham aka sa masa.

Duk wannan mun faɗa wa ɗalibinmu da ya dawo yi mana sallama, wataƙila ma da zafin da bai kamata ba. Har muka ce masa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya saurara har muka gama, kansa a sunkuye, sa'an nan ya ce, "Mushe, gaskiyarku ne. Amma da ba mu je ba fa? Wanda ya ɗauki jakata, ta bakin jagora ya gaya mini da kuɗin nan yake biya wa 'yarsa makaranta a Kusko. So yake ta zama malama."

Muka yi shiru. Me za mu ce, mu da buhun gyaɗa ya kai makarantar horon malamai?

Kuma yaron bai yi ƙarya ba. A 2010 ambaliyar Urubamba ta cinye layin dogo aka rufe Macu Picu wata biyu. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe shi daga Maris har Nuwamba. A farkon 2023 zanga-zangar siyasa ta sake sa aka rufe shi na 'yan makonni. Kowane karo kamfani mai ofis a Lima ko a Turai yana da abin da zai jingina da shi, ɗan dako kuwa sai ya koma ga 'yar gonar dankalinsa. Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. Mun ga Agadas lokacin da jirage ke sauke Turawa kowane sanyi suna shiga Abzin da Tenere, masu jagora da direbobi da masu dafuwa da maƙeran azurfa kowa na samu. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan tawayen 2007 da sace-sacen baƙi, yadda abin ya mutu kamar an kashe fitila. Wanda ya ga haka ba zai buɗe baki ya ce baƙi su zauna gidajensu ba. Har ma ana iya cewa tafiyar masu hali, in an yi ta da gaskiya, ta fi amfanar ɗan dako bisa mai araha, don inda aka matse farashi, ladansa da abincinsa ake fara matsewa, kuma tun da kowa kilo 20 ne iyakarsa, yawan kaya yawan masu samun aiki ne.

Abin da har yanzu bai kwanta mana ba shi ne ɗan littafin tallan nan. Shafi ashirin da huɗu ne, takarda mai sheƙi. An faɗi kaurin katifa, an faɗi irin inabin da za a sha, an faɗi sunan kowane tsuntsu da furen da za a gani. An kuma tallata wasu tafiye-tafiyen: hanyar tsaunin Salkantai, inda ake ƙetare mashiga mai mita 4,600 da 'yan kai ana kwana a gidajen saukar baƙi, da kufan Cokekirau wanda sai an gangara kwazazzabon kogin Apurimak an sake hawa kafin a kai. A waɗannan alfadarai ne ke ɗaukar kaya. 'Yan dako kuwa sau ɗaya suka fito a littafin, a shafin ƙarshe, sun jeru cikin riguna iri ɗaya suna dariya. Ba a faɗi nawa ake biyansu a rana ba, ba a faɗi abin da suke ci ba. Mutumin da ke shirin biyan miliyan ɗaya da rabi yana da bakin da zai tambayi wannan kafin ya sa hannu, kuma kamfani zai amsa masa, don ba ya son ya rasa shi. Ɗalibinmu bai tambaya ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Shekara guda ya yi yana kallon hoton da babu mutum a ciki, mu muka manna masa shi a bango.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, ranar darasin tsaunuka muka aro jarka mai lita ashirin muka cika ta da ruwa, muka ajiye a gaban allo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wannan sun riga sun koya a lissafi. Muka manna hoton mutanen nan huɗu, wanda ɗalibinmu ya wanko mana, a gefen tsohon hoton kalanda. Muka ce kowa ya zo ya ɗaga jarkar, ya kuma tuna akwai mai hawa da irinta mita 1,200 a wuni ɗaya. 'Yan maza suka yi ta ɗagawa suna nishi suna dariya. Wata yarinya a layin baya ba ta taso ba, da muka tambaye ta sai ta ce, "Mushe, na san nauyinta, sau uku nake ɗauko ta daga famfo kafin in zo lakwal." Ita ce kuma ta ɗaga hannu daga baya ta ce, "To Mushe, shi wanda ya ɗauko gadon, a ina yake kwana?"

Muka ce ta bari mu tambayi wanda ya je. Da dare muka aika masa da tambayar ta waya. Sai washegari amsa ta zo. Ya ce a tantin cin abinci suke kwana, in baƙi sun gama hira sun tashi, a naɗe tebur da kujeru a shimfiɗa leda a ƙasa. Ya ce akwai daren da suka daɗe suna karta har wajen ƙarfe goma, ana yayyafi, kuma sai yanzu ya gane abin da mutanen da ya gani tsaye a bayan tantin suke jira.